Idan Aka Yi Makami Da Cuta, Wa Zai Fara Gani A Dutsin-Ma Da Kurfi?

Ran 17 ga watan Yuli na 2023 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwa cewa an tabbatar da ɓullar ciwon saifa a wata gonar dabbobi kusa da Suleja, cikin Jihar Neja. Masu gonar sun ga dabbobinsu suna faɗuwa suna mutuwa, jini yana fita ta hanci da idanu da sauran kafofin jiki. Aka ɗebi samfur aka kai Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, ita kuwa ta tabbatar da abin da ake zato. A farkon 2025 aka sake jin irin wannan sanarwa, amma daga Jihar Zamfara, watau daga bayan katangarmu. Yawancin masu karatu sun ɗauki labarin a kan al'amarin makiyaya da mahauta ne kawai, suka wuce shi. Ba su yi laifi ba, domin Fulani sun san wannan ciwo tun kafin zuwan Turawa, sun kuma san wuraren kiwon da ba a kai shanu saboda shi.

To, amma ƙwayar da ke kawo ciwon saifa ita ce kan gaba cikin jerin ƙwayoyin cutar da gwamnatocin duniya ke tsoron a yi makami da su. Ita ce aka zuba cikin wasiƙu aka aika ta gidan waya a Amurka cikin 2001, makonni kaɗan bayan harin 11 ga Satumba, mutum 22 suka kamu, biyar suka mutu. Tun daga wannan lokaci maganar ta'addanci da ƙwayoyin cuta ta shiga bakin jami'an tsaro da na lafiya ko'ina, har da nan Nijeriya, inda akan kira taro a kanta a manyan otal na Abuja. Abin da muke so mu duba yau shi ne yadda wannan magana ta shafi mutumin Dutsin-Ma da na Kurfi, da kuma irin shirin da ya kamace mu.

Tun da fari dai mu faɗi gaskiya, ba a taɓa tabbatar da wani hari irin wannan a Jihar Katsina ba. Kuma a ganinmu ba shi ne bala'in da ya fi kusa da ƙofarmu ba. Mutumin da ke da bindiga da babur, yana iya kwashe ƙauye cikin dare ɗaya, ba ya bukatar ɗakin gwaje-gwaje. Duk da haka maganar ta cancanci a tsaya a kanta, saboda idan aka bi tarihin irin waɗannan hare-hare za a tarar abu ɗaya ne yake raba ƙasar da ta tsira da wadda ta sha wuya, kuma abin nan shi ne ainihin wanda muka fi rauni a kansa.

Abin Da Tarihi Ya Nuna

Yin yaƙi da cuta ba sabon abu ba ne. A Yaƙin Duniya na Ɗaya 'yan leƙen asirin Jamus sun yi ƙoƙarin sa wa dawaki da alfadaran abokan gaba cuta. A Yaƙi na Biyu sojojin Japan sun yi wa mutanen Sin ta'asa da ƙwayoyin annoba. Wannan ya sa cikin 1972 ƙasashe suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar haramta ƙera makaman ƙwayoyin cuta da ajiye su, ta fara aiki cikin 1975, Nijeriya ma tana cikin masu hannu a kanta. Sai dai yarjejeniyar ba ta da masu bincike da za su shiga ƙasa su duba ko ana cika alkawari. Shekara huɗu kacal bayan ta fara aiki, cikin 1979, ƙwayar saifa ta sulale daga wata ma'aikatar soja a birnin Sverdlovsk na Tarayyar Sobiyet, iska ta kwashe ta, mutum fiye da 60 suka mutu. Hukuma ta ce gurɓataccen nama suka ci. Sai cikin 1992 Shugaba Boris Yeltsin ya amsa cewa aikin soja ne.

Wannan aikin gwamnatoci ke nan masu kuɗi da masana. Ga ƙungiyoyin 'yan ta'adda kuwa abin ba shi da sauƙi kamar yadda fina-finai ke nunawa. Ƙungiyar Aum Shinrikyo ta Japan tana da dukiya mai yawa da mutanen da suka yi karatun kimiyya a jami'a, amma da ta fesa ƙwayar saifa daga saman wani gini a Tokyo cikin 1993 ko mutum ɗaya bai kamu ba. Daga baya ne ta koma ga iskar guba, ta kai harin jirgin ƙarƙashin ƙasa na 1995.

Harin da ya fi ba da darasi shi ne wanda aka kai wani ƙaramin gari mai suna The Dalles a Jihar Oregon ta Amurka cikin 1984. Mabiyan wata ƙungiya sun so su ci zaɓen gunduma, sai suka yi shawarar kwantar da masu jefa ƙuri'a, suka bi gidajen abinci suna zuba ƙwayar cutar gudawa a kan kayan lambu. Mutum 751 suka kamu. Abin lura a nan shi ne, ba wanda ya gane hari ne. Ma'aikatan lafiya na gunduma sun ga dai masu ciwon ciki sun yi yawa fiye da kima, suka bi sawu, suka gano inda mutanen suka ci abinci, suka hana sayar da abincin da ake zargi, cutar ta lafa. Sai bayan shekara guda, da rikici ya ɓarke tsakanin shugabannin ƙungiyar, asiri ya tonu. Haka ma wasiƙun 2001: wanda ya fara ganewa wani likita ne a Jihar Florida, da ya duba ruwan lakar wani majinyaci ya ga abin da bai saba gani ba, ya yi maza ya sanar. Binciken 'yan sandan ciki kuwa ya ɗauki shekaru, daga ƙarshe suka ɗora laifin a kan wani masani da ke aiki a ɗakin binciken sojan Amurka ita kanta.

Watau cutar da aka saki da gangan ba ta zuwa da tambari. Ba a jin ƙara, ba a ganin hayaƙi. Tana zuwa ne kamar kowace cuta: yaro da zazzabi, dattijo da amai, saniya kwance a bakin rafi. Wanda zai fara ganinta ba soja ba ne, ba kuma jami'in tsaro na farin kaya ba. Malamin asibitin shan magani ne, ko ungozoma, ko mai kemis, ko mahauci. Saboda haka duk tambayar da za a yi a kan shirinmu ga makamin cuta, amsarta ɗaya ce da amsar wannan: kwana nawa ake yi tsakanin ranar da mutum na farko ya kwanta a wani ƙauye na ƙasar Kurfi da ranar da labari ya isa kunnen wanda ke da ikon yin wani abu?

Igiyar Da Ta Taso Daga Ƙauye

A takarda tsarin yana da kyau. Kowace ƙaramar hukuma cikin 34 na Jihar Katsina tana da jami'in sa ido kan cututtuka, wanda ke karɓar rahoto daga asibitoci da ɗakunan shan magani na yankinsa, ya miƙa wa babban jami'in annoba na jiha, shi kuma ya miƙa wa Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa, watau NCDC. An kafa hukumar cikin 2011, aka ba ta dokar kanta cikin Nuwamba 2018, tana kuma da babban ɗakin gwaje-gwaje a Gaduwa, Abuja. Daga can, bisa ƙa'idojin lafiya na duniya na 2005, dole ne ƙasa ta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya cikin awa 24 idan ta auna ta ga abin zai iya tsallake iyaka. Masana sun ma tsayar da mizani mai sauƙin riƙewa: a gano annoba cikin kwana bakwai da ɓullarta, a sanar cikin kwana ɗaya, a kammala matakan farko cikin kwana bakwai.

Amma ƙarfin wannan igiya yana can ƙarshenta na ƙasa, kuma nan ne ta fi tsinkewa. Dutsin-Ma da Kurfi suna cikin ƙananan hukumomin da suka yi shekaru suna fama da 'yan bindiga, tare da maƙwabtansu Safana da Batsari da Ɗanmusa, waɗanda ke bakin dajin Rugu. Cikin Oktoba 2023 har cikin garin Dutsin-Ma aka shiga aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya daga gidan da suke haya. In haka ta faru a gari mai jami'a da kwalejin horon malamai da babban asibiti, to, yaya ma'aikaciyar jinya da aka tura ƙauyen da ke nesa da kwalta? Sanin kowa ne cewa a irin waɗannan wurare ma'aikata da yawa ba sa kwana, wasu ɗakunan shan magani ma an rufe su na wani lokaci. Ɗakin shan maganin da aka rufe ba allura da ƙwaya kaɗai aka rasa a cikinsa ba, an rasa idon gwamnati a wannan yanki. Rahoton da zai taso daga can a ƙarshen mako zai nuna babu kwalara, babu sanƙarau, babu ƙyanda, alhali gaskiyar ita ce babu mai dubawa.

Akwai abin da ya faru cikin 2021 wanda ya kamata masu tsara manufofi su riƙa tunawa. A watan Satumba na wannan shekara aka katse layukan tarho a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, Dutsin-Ma da Kurfi suna ciki, domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari. Aka kuma dakatar da cinikin dabbobi a wasu kasuwanni. Ba za mu yi gardamar amfanin wannan mataki ta fuskar tsaro a nan ba. Abin da muke nunawa shi ne, shekarar 2021 ita ce wadda kwalara ta yi wa Nijeriya mummunan kamu, aka lissafa waɗanda ake zaton sun kamu fiye da 100,000, waɗanda suka mutu fiye da 3,000, Katsina kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Ke nan a daidai lokacin da ake bukatar malamin asibiti ya buga waya ya ce ga masu amai da gudawa sun yi yawa, a lokacin ne wayarsa ta zama ƙarfe. Wa ya zauna ya tanadar masa wata hanya kafin a katse? Darasin shi ne, duk teburin da ake yanke shawarar tsaro a kansa, lalle ne a sa wa jami'in lafiya kujera.

Wanda ke ganin mun kambama abin sai ya tuna Zamfara cikin 2010. Yara suna ta mutuwa a ƙauyukan ƙasar Anka da Bukkuyum saboda gubar dalma da ke cikin dutsen zinariyar da ake niƙawa a gidaje. Ba tsarin rahoto ne ya gano ba. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF ne, waɗanda suka fita sa ido kan sanƙarau, suka ji labarin, suka ga sababbin ƙananan kaburbura. Yara fiye da 400 suka rasu. Ba wanda ya zuba wannan guba da niyyar kisa, amma da wani mugu ne ya yi, haka za ta yi ta cin yara shiru har tsawon wannan lokaci.

Ta Wajen Dabbobi

A ƙasa irin tamu, inda garke ya zama asusun talaka, ƙofar da ta fi faɗi ita ce ta dabbobi. Yawancin ƙwayoyin da ake tsoro a matsayin makami asalinsu cututtukan dabbobi ne, kuma dabba ce kan riga mutum faɗuwa. Ciwon saifa shi ne misali. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum kamar mura. Ana ɗaukarsa ne wajen fiɗa da taɓa fata, ko wajen cin naman, ko kuwa shaƙar ƙurar da ke ɗauke da shi. Idan jinin dabbar ya zuba a ƙasa, ƙwayar takan yi wa kanta ɓawo ta kwanta shekaru masu yawa tana jiran wata dabbar. Wannan ya sa dokar likitocin dabbobi ita ce kada a farke mushen, a ƙone shi ko a binne shi da zurfi. In an gano da wuri, magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna warkar da mutum, dabbobi kuma akwai allurar rigakafinsu wadda ake yi a Vom.

Yanzu sai mu dubi yadda abin yake a zahiri. Bijimi ya fara layi a gidan manomi a wani ƙauye. Wannan bijimi shi ne garmarsa, shi ne kuɗin auren 'yarsa. Idan ya kai rahoto, za a ce a ƙone, ba kuwa wanda zai biya shi ko kwabo. Idan ya sa wuƙa kafin ran ya fita, zai sami rabin kuɗi, maƙwabta su sami watanda mai araha. Wane ne cikinmu zai rantse cewa da shi ne zai zaɓi na farko? Muddin ba a tanadi diyya ga wanda ya kawo rahoto ba, to, doka da kanta ce take koya wa mutane ɓoyo. A nan muna ganin kuɗi kaɗan zai yi aikin da na'urori masu tsada ba za su yi ba.

Sa'an nan ga shanun sata. Dabbar da aka sato ba ta bin burtali, ba ta bin inda malamin dabbobi yake, ba a yi mata huji. Ana kora ta cikin dare daga daji zuwa daji, a haɗa ta da wasu daga Zamfara ko daga ƙetaren iyaka, daga ƙarshe wasu su ɓulla a kasuwa. Kasuwar Dutsin-Ma ta ranar Laraba tana tara dabbobi da mutane daga ko'ina cikin wannan yanki, kafin magariba kuma sun watsu. Duk abin da ya shigo kara da safe yana iya kwana a jihohi uku.

Akwai abin da ya faru a Afirka wanda ya yi kama da halinmu ƙwarai. Tsakanin 1978 da 1980, lokacin yaƙin neman 'yanci a Rodeshiya, wadda ta zama Zimbabuwe, ciwon saifa ya kama mutum fiye da 10,000, kusan dukkansu baƙar fata mazauna karkara. Har yau masana suna gardama. Wasu sun ce sojojin gwamnatin Turawa tsiraru ne suka yaɗa shi da gangan domin su karya tattalin arzikin ƙauyukan da ke ciyar da mayaƙa. Wasu sun ce a'a, yaƙi ne ya hana yi wa shanu allura, cutar ta sami fili. Ko wanne ne gaskiya, abin tsoron ɗaya ne: inda rikici ya kori likitan dabbobi, cuta takan yi ɓarnar makami, kuma bayan shekara 40 ba za a iya rarrabe aikin mugu da aikin sakaci ba.

Game da ruwan sha, wanda mutane suka fi kawowa idan ana wannan zance, ba za mu daɗe ba. Madatsar ruwa ta Zoɓe, wadda aka gina a kan kogin Karaɗuwa aka gama cikin 1983, ruwanta ya fi ƙarfin abin da wani zai ɗauko cikin jarka, ga kuma tacewa da sinadarin kulorin a matatar ruwa. Haɗarin gaske shi ne ranar da famfo ya ƙafe, mutane suka koma rijiyoyin da ba su da murfi da ruwan 'yan ga-ruwa da ba a san tushensa ba. Nan kwalara take shigowa, ba tare da taimakon kowane ɗan ta'adda ba.

Zargi Ya Riga Ya Yi Mana Ɓarna

Akwai wani ɓangare na wannan al'amari da ba a cika kawowa a tarurruka ba, alhali shi ne wanda muka riga muka ɗanɗana. Manufar ɗan ta'adda ba kisa kaɗai ba ce, so yake jama'a su firgita su daina yarda da hukuma. A Arewa an kai ga wannan ba tare da an saki ƙwaya ko ɗaya ba.

Cikin 1996 sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 11,000 suka mutu. A tsakiyar wannan annoba kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara a Kano. Cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a a kan ko an nemi izinin iyaye yadda ya kamata, daga baya aka sasanta da biyan kuɗi. Da aka zo 2003, magana ta bazu cewa an gurɓata allurar shan inna da maganin hana haihuwa, wasu jihohi suka dakatar da ita, Kano ba ta koma ba sai Yuli 2004. Kafin a farga cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 waɗanda suka riga suka rabu da ita. Cikin Fabrairu 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Ba Arewa kaɗai ba ce: cikin Oktoba 2017 iyaye a jihohin Kudu maso Gabas suka ruga makarantu suka kwashe 'ya'yansu, saboda jita-jitar cewa sojoji suna yi wa yara allurar ƙyandar biri.

Abin da ake zargi a duk waɗannan shi ne ainihin ta'addanci da cuta. Zargin 2003 ƙarya ne, gwaje-gwaje sun nuna haka. Amma kuskure ne ma'aikacin gwamnati ya ɗauka jahilci kawai ya haife shi, domin mutane sun tuna 1996, sun kuma ga ana bin su gida gida da ɗigon shan inna kyauta alhali maganin zazzabin cizon sauro sai da kuɗi. Ranar da wata baƙuwar cuta za ta ɓulla a ƙasar Kurfi, saƙon murya a WhatsApp zai riga motar asibiti isa, kuma zai zo da sunan wanda za a ɗora wa laifi. A yankin da tsakanin manomi da makiyayi ya riga ya yi tsami, kalma ɗaya cewa wasu sun zuba wa rijiya guba tana iya jawo zubar da jinin da ya fi na cutar kanta. Saboda haka sanar da jama'a gaskiya da wuri, da Hausa da Fulatanci, ta bakin wanda suka sani, yana cikin magani. Yadda aka yi ta rufa-rufa a kan yawan mace-macen Kano cikin Afrilu 2020, kafin daga bisani Ministan Lafiya ya ce ana jin fiye da rabinsu suna da alaƙa da korona, misali ne na abin da bai kamata a maimaita ba.

Ba kullum muke faɗuwa ba. Ran 20 ga Yuli 2014 wani matafiyi ya sauka Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola. Likita Stella Ameyo Adadevoh ta yi zargin abin da ke damunsa, ta ƙi sallamarsa duk da matsin da aka yi mata, ita ma ta kamu ta rasu. Aka ɗauko ma'aikatan da suka goge a yaƙi da shan inna, suka bi sawun mutum kusan 900 gida gida. Mutum 20 kaɗai suka kamu, takwas suka mutu, ran 20 ga Oktoba aka bayyana Nijeriya ta tsira. Kafin wannan ma, dabarar da ta kawar da agana daga doron ƙasa, watau a nemo mai ciwon a yi wa na kewaye da shi lamba, a Gabashin Nijeriya aka fara gwada ta a 1966 da 1967, kuma da 'yan saƙo da ke zagaya ƙauyuka aka yi ta. Ita ma shan inna ba a ci ƙarfinta ba sai da aka koma ga sarakuna da hakimai da dagatai da limamai, har aka kai ga bayyana Afirka ta rabu da ita cikin Agusta 2020.

Wannan tsari yana nan. Yandakan Katsina a Dutsin-Ma da Maraɗin Katsina a Kurfi suna da dagatai da masu unguwanni waɗanda ba a haihuwa ko mutuwa a yankinsu ba su sani ba. Sarkin fawa ya san kowace dabba da aka yanka, ardo ya san kowane garken da ya yi rashi, mai haƙa kabari ya fi kowane magatakarda sanin ko mutuwa ta ƙaru a wannan mako. Da can, zamanin En'e, kai rahoton baƙuwar cuta yana cikin aikin dagaci. Abin da ya rage shi ne a ba kowannensu lambar waya ɗaya da za a ɗauka in ya kira, a kuma tabbatar wanda ya kira ba zai zama abin tuhuma ba. Ƙananan hukumomin da suka ƙulla sulhu da 'yan bindiga cikin 2025 kuwa, ko mutum yana goyon bayan sulhun ko ba ya yi, ya kamata abu na farko da zai bi hanyar da ta buɗe ya zama mai allurar yara da mai allurar shanu, domin rugagen da ke cikin daji sun yi shekaru ba su ga ko ɗaya ba.

Batun kuɗi shi ne inda ma'aikatan gwamnati ke da ta cewa. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cikin 2001 cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Aikin sa ido kan cututtuka ya daɗe yana dogara da tallafin waje, musamman kuɗin yaƙi da shan inna, ga shi cikin 2025 Amurka ta zaftare taimakon da take bayarwa. A farkon rabin shekarar 2025 ƙungiyar MSF ta ce yara 652 suka rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina saboda tamowa, yaron da yunwa ta ci kuwa kowace cuta tana iya kayar da shi. A irin wannan hali kalmar ta'addanci tana da nata haɗari a ofis, domin tana buɗe bakin aljihu ga kwangilar rigunan kariya da motoci da taron bita, waɗanda za a ɗauki hotonsu a kulle a sito. Abin da jami'in sa ido na ƙaramar hukuma yake nema ya fi wannan araha: man babur, katin waya, akwatin ƙanƙara na ɗaukar samfur, da kuɗin motar da za ta kai shi ɗakin gwaji ranar da aka ɗebe shi, ba ranar da aka sa hannu a fayil ba.

Ɗalibanmu na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa cikin 2011, musamman masu karatun ƙananan halittu da na aikin gona, suna da rabo biyu a wannan aiki. Na ɗaya, su ne za su riƙe ɗakunan gwaje-gwajen gobe, kuma labarin Sverdlovsk da na wasiƙun 2001 ya nuna cewa daga cikin ɗakin bincike haɗarin ya fito, saboda haka kulle firji da rubuta sunan mai shiga da mai fita yana cikin karatun. Na biyu, kowace shekara ɗaruruwansu suna neman abin da za su yi binciken kammala karatu a kansa. Da Ma'aikatar Lafiya da sashen kula da dabbobi na jiha za su haɗa kai da jami'ar, da an sa wasunsu su ɗauki annobar kwalara ta 2021 ko ta mashaƙo ta 2023, su bi rajistar asibitocin Dutsin-Ma da Kurfi ƙauye ƙauye, su fitar da ranar da mutum na farko ya kwanta, da ranar da aka kai rahoto, da ranar da taimako ya iso. Majalisar Dokoki ta Jiha tana iya neman a ajiye mata waɗannan ranaku uku a gabanta kafin ta zauna kan kasafin lafiya na baɗi.